Daga Kakalaba zuwa girgizar Kwoi: tarihin da ya kamata 'ya'yanmu na sakandare su sani



Ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, wadda ta zo daidai da jajiberin Babbar Sallah a waccan shekara, ƙasa ta motsa a Kwoi, hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba. Mutane sun ji rugugi kamar na tsawa, sai dai daga ƙarƙashin ƙafafunsu yake fitowa. Kwanon rufi ya yi ta kaɗawa, bango ya tsage a wasu gidaje. Abin bai tsaya a sau ɗaya ba, ya yi ta maimaituwa har washegari Litinin, ranar Idi, kuma an ji shi a Nok da sauran ƙauyukan da ke kusa. Gwamnatin Kaduna ta lokacin Malam Nasir El-Rufai ta fitar da sanarwa tana roƙon jama'a su kwantar da hankali. Daga baya masanan cibiyar binciken motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi suka ce ƙarfin girgizar bai wuce kimanin maki 3 ba a ma'aunin da ake auna ta da shi. Ba a samu rahoton asarar rai ba.

Tsakanin Gwantu da Kwoi ba a kai kilomita 100 ba. Da yawa daga cikinmu suna da dangi ko abokan cinikin citta a can. Amma tambayar da ta fi yawo a bakin mutane a makon ita ce: dama ana girgizar ƙasa a Najeriya? Masu wannan tambaya kuwa, galibinsu sun gama sakandare, wasu har da digiri. Sun san Japan da Kalifoniya, domin su ne a littafi, kuma an gaya musu cewa mu nan Allah Ya kare mu daga irin wannan. Ba wanda ya taɓa gaya musu tarihin ƙasar da suke takawa.

Tarihin kuwa yana nan a rubuce. Ranar 22 ga Yuni 1939 girgizar ƙasa ta afka wa Akara, babban birnin Gana na yanzu, ta kashe mutum 17, kuma an ji motsinta har Legas da Ibadan da Ile-Ife. A 1975 an ji wata a Dambatta ta ƙasar Kano. A 1984 Ijebu-Ode ta girgiza sau biyu, a ƙarshen Yuli da farkon Agusta, kuma a ƙarshen shekarar aka ji wata a wajajen Yola. A 1990 an ji ta a Ibadan, an kuma ji a Jere, nan jiharmu. A 2016, kafin ta Kwoi, an yi ta Saki a jihar Oyo. Sai Satumban 2018, lokacin da Mpape da Maitama suka yi kwanaki suna rawa, har hukumar babban birnin tarayya ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin. A Satumban 2024 Mpape ta sake motsawa. Duk waɗannan na cikin Najeriya ƙanana ne. Amma Afirka ta Yamma ta taɓa ganin babba: ranar 22 ga Disamba 1983 girgiza ta rushe ƙauyuka a arewa maso yammacin Gini, ta hallaka ɗaruruwan mutane, a yankin da shi ma kowa ke ɗauka zaune yake daram.

Me ke jawo ta? A tatsuniyar da wasunmu suka ji a bakin kakanni, wai wani ƙaton sa ne ke ɗauke da duniya bisa ƙahonsa, in ya gaji ya sauya ƙaho sai ƙasa ta girgiza. Bayanin masu ilimin duwatsu bai fi wannan wuyar fahimta ba. Ɓawon duniya a tsattsage yake, faifai-faifai, kuma faya-fayan suna tafiya a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara, kamar tsiron farce. Inda biyu suka haɗu suna gogar juna, nan ake manyan girgizoji, irin na Japan da Turkiyya da Indonesiya. Najeriya tana tsakiyar faifan Afirka, nesa da bakin gaɓa, shi ya sa namu ba su da ƙarfi. Sai dai dutsen da ke ƙarƙashinmu tsoho ne ƙwarai, kuma yana da tsofaffin tsagu a jikinsa. Wanda aka fi sani shi ne wanda ya taso daga Ifewara a ƙasar Yarabawa ya bi ta Zungeru, da na Kalangai a yammacin jihar Kaduna. Masana da dama suna ganin waɗannan tsagu suna da alaƙa da wasu manya da ke ƙarƙashin tekun Atlantika. Matsi yana taruwa a kansu shekara da shekaru, ran da dutse ya zame kaɗan sai a ji a sama.

Wanda ya taɓa hawa Filato ta Mangu ya ga tuddan Panyam da Kerang, ya ga tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa. A Kamaru kuwa nasu ba su mutu ba. Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000, kuma a daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos ya saki iska mai shaƙe numfashi, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi masu yawa, ba nisa da iyakarmu.

Akwai lissafi ɗaya da nake ganin ya kamata kowane ɗan aji huɗu na sakandare ya iya, domin shi ke raba tsoro da hankali. Ma'aunin girgizar ƙasa ba kamar mudu yake ba, inda shida ta ninka uku sau biyu. Duk ƙarin maki ɗaya, ƙarfin yana ninkuwa kusan sau 32. Girgiza mai maki 6 ta fi mai maki 3 ƙarfi kusan sau 32,000. Wadda ta afka wa tsaunukan Maroko ranar 8 ga Satumba 2023, mai maki 6.8, wadda ta kashe kusan mutum 3,000, da ta Kwoi, suna kawai suka haɗa. Yaron da ya gane wannan ba zai bar gari don ƙasa ta ɗan yi rawa ba. Zai kuma gane wani abin: a Maroko yawancin waɗanda suka mutu gidajen ƙasa da na dutse ne suka danne su. Ginin ne ke kisa. Mu kuwa gininmu ba ya ma jiran girgiza. Ranar 12 ga Yuli 2024 benen makarantar Saints Academy da ke Jos ya rufta wa ɗalibai suna cikin aji, aka rasa rai 22, alhali ƙasa ba ta motsa ba.

To, in don girgizar ƙasa ce kaɗai, da darasin mako biyu ya isa. Abin da ya fi cin mu a wannan yanki daga sama yake zuwa, kuma tarihinsa ya fi tsawo.

Mutanen da suna da hanyarsu ta ajiye irin wannan tarihi: sukan raɗa wa masifa suna. Yunwar 1913 zuwa 1914, bayan fari ya ƙone ƙasar Hausa, Kanawa suka kira ta Kakalaba. Ta 1927 ita ce 'Yar Buhu, saboda hatsin da aka riƙa kawowa cikin buhuna. Ta wajen 1942 aka ce mata 'Yar Gusau. A Nijar yunwar 1984 da sunan Buhari ake tuna ta, domin ta zo daidai da rufe iyaka. Tsoho ba zai ce maka an haife shi a shekara kaza ba, sai ya ce shekara biyu bayan 'Yar Buhu. Da haka sunan ya zama kalanda, ya kuma zama gargaɗi, domin duk wanda ya ji shi sai ya tambaya, in ya tambaya sai a gaya masa abin da aka ci, da inda aka gudu, da dalilin da ya sa ba a taɓa hatsin da ke ƙasan rumbu sai sabo ya shigo. Nan kudu fari bai cika yi mana irin waccan ɓarna ba, har ma mukan zama mafakar waɗanda suka tsere masa, kamar yadda aka gani a farin 1972 zuwa 1974 lokacin da makiyaya suka yi ta gangarowa da abin da ya rage musu. Amma farin dango na shekarun 1930 ya cinye gonaki a Lardin Filato, wanda ƙasar Jama'a ke cikinsa tun 1926, da kudancin Zazzau.

Namu rabon shi ne ruwa, kuma dalilin a gaban idonmu yake. Iskar damina tana tasowa daga teku ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. In ta iso nan sai ta ci karo da bangon Filato da duwatsun Kagoro, dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, sai ta sauke kayanta a kanmu. Shi ya sa ƙasar Sanga da Jama'a ta fi Zariya ruwa nesa ba kusa ba, shi ya sa dajin Nimbiya ya yi duhu, shi ya sa ake da magangarar Matsirga kusa da Kafanchan da ta Assob a kan hanyar Jos. Albarka ce, kowa ya sani. Amma ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake da gudu. Rafin da yaro ya tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, kafin a tashi daga makaranta ya iya shanye babba, ko da ɗigo ɗaya bai sauka a garin ba, domin can bisa tudu aka yi ruwan. Mutanen Rikkos da Gangare a Jos sun ga haka a Yulin 2012, inda ruwa ya zo cikin dare ya tafi da mutum fiye da 30. A shekarar ce ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. Ta 2022 ta kashe fiye da 600. Bayan su ga ɓallewar madatsar Alau a kan Maiduguri a Satumban 2024, ga Mokwa a ƙarshen Mayun 2025. Kanawa kuma har yau suna tuna fashewar madatsar Bagauda a 1988.

Ga abin da ya bambanta waɗannan da na da: ba wanda ya raɗa musu suna. Mukan gani a waya, mu yi jaje, mako ya zagayo wani labari ya danne shi. Zaman hira da tsofaffi a dandali ya ragu, yara suna makaranta daga safe zuwa azahar, wasu na kwana ne. Aikin da suna ke yi a da, yanzu in ba makaranta ta ɗauke shi ba, babu mai ɗauka.

Makarantar kuwa ta yi baya-baya da shi. Darasin labarin ƙasa shi ne gidan wannan ilimi, kuma a da ɗaliban kimiyya da yawa sukan ɗauke shi har jarrabawar fita. Tun da aka fara aiki da sabuwar manhajar manyan sakandare a 2011, ya koma cikin darussan zaɓi, yaro yana iya gamawa bai taɓa buɗe taswira ba. Darasin tarihi ma an cire shi daga ƙananan azuzuwa na tsawon shekaru kafin a dawo da shi. Ba a rasa hukumomi ba. An kafa NEMA a 1999, NiMet a 2003, jiha tana da tata hukumar agajin gaggawa. Kowace shekara NiMet tana fitar da hasashen damina, da lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, har da fassarar Hausa. Hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. Takardun suna intanet kyauta. Abin tambaya shi ne, malamai nawa ne a Sanga suka taɓa shiga aji da shafin da ya shafi Sanga?

Wani zai ce yara me za su iya. A Disambar 2004 wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10, Tilly Smith, tana bakin teku a Phuket ta ƙasar Tailan da iyayenta. Ta ga ruwa yana kumfa yana wani irin motsi, ta tuna darasin da malaminta na labarin ƙasa ya yi musu mako biyu kafin nan, ta matsa wa iyayenta, aka kwashe mutane kusan 100 daga gaɓar kafin igiyar tsunami ta iso. A Kamaishi ta Japan, ranar 11 ga Maris 2011, 'yan ƙaramar sakandare ne suka fara gudu zuwa tudu, suna jan hannun 'yan firamare, domin an shafe shekaru ana yi musu atisaye. Kusan duk ɗaliban garin, wajen 3,000, sun tsira. Japanawa sun keɓe 1 ga Satumba don irin wannan atisaye, ranar da girgizar 1923 ta rushe Tokyo. Su ma raɗin suna suka yi, sai dai sun shigar da shi kalandar makaranta.

Ba mu da teku, saboda haka kada a kwaso mana darasin tsunami a ce an yi aiki. A ganina, aradu ya kamata a fara da ita, domin ita ce muka fi lulluɓewa da camfi. Har yau ana rantsuwa da ita, ana cewa ba ta faɗa wa mai gaskiya. 'Yan duwatsun nan masu kaifi da ake tsinta a gona a ce gatarin aradu ne, kayan aikin mutanen da ne, hannu ne ya sassaƙa su, irin waɗanda aka yi ta tonowa a ramukan kuza na Nok. Aradu ba ta san ɓarawo ba, ta san abu mafi tsawo a fili: bishiya ɗaya tilo a tsakiyar gona, mutum a tsaye bisa tudu, garken shanu da suka taru a gindin itace. Sauti yana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. Ka ga walƙiya ka fara ƙirga, in ka ji tsawa kafin ka kai 30, to hadarin yana cikin kilomita 10 kuma yana iya samunka. A shiga ginin kirki ko mota, a bar gindin bishiya, a bar rafi, a dakata da ƙwallo, kada a fito sai an yi rabin awa ba a ji tsawa ba. Wannan bayani ba ya cin minti goma. Yaron da ya ji shi zai kai wa babansa a gona, ya kai wa ɗan'uwansa mai kiwo.

Sai iskar farkon damina, wadda ke yaye rufin azuzuwa duk shekara daga Afrilu zuwa Mayu. Tsofaffi sun san hadari mai faɗa daga gabas yake tasowa, kuma kimiyya ta yarda da su. Abin da malamin kimiyya zai ƙara shi ne, in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin bugunta sau huɗu yake ninkuwa, kuma ba tura rufi take ba, tsotso shi take sama. Saboda haka ƙarin ƙusa a kan kwano ba ya magani in katakon da ke ƙasa ba a ɗaure shi da bango ba. Magina na gari sun san aikin langalanga da ƙarfen da ake binnewa cikin bulo a naɗe katako da shi. A ɗauki ɗalibai a zagaya makarantarsu su duba da idonsu wane aji aka ɗaure, wane ne aka ɗora kawai. In sun gani za su faɗa a gida, in an faɗa a gida zai kai taron iyaye da malamai. Daga cikinsu ne kuma za a samu kafintoci da magina da 'yan kwangila na gobe.

Na ruwa ya fi kowanne daɗin koyarwa, domin gwangwani da rula kawai yake so. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, a ajiye a fili nesa da bishiya da indararo, kullum da safe a auna a rubuta. Ruwa milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. In aka yi milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a nan cikin malka, rufin da ya kai murabba'in mita 100 ya zubar da lita 5,000, wato duro 25. Yaro ya yi wannan lissafi sau ɗaya, sai ya dubi kwalbatin unguwarsu da aka cika da leda da wani ido daban. A haɗa masa da cewa ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato, wanda ya kai cinya kuma yana ɗaga mota, balle babur. A kuma yarda tun farkon zango, tsakanin shugaban makaranta da iyaye, cewa yaron da rafi ya tare ba za a buge shi don latti ba. Da yawa tsoron bulala ke sa su shiga ruwa.

Na girgizar ƙasa gajere ne. In ta samu mutum a aji, ya duƙa, ya sa kansa ƙarƙashin benci ya riƙe ƙafarsa har ta lafa, sannan a fita fili a jere, nesa da bango da turakun lantarki. Wanda ke bakin ƙofar ɗakin ƙasa mai nauyin rufi, fita ta fi masa. A aji mai mutum 70 da ƙofa ɗaya, turmutsutsu ya fi girgizar maki 3 haɗari, kuma atisaye ne kaɗai ke hana shi. Ranar 13 ga Oktoba ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don rage haɗarin bala'o'i, kuma ta faɗo cikin zangon farko, ana iya yi a ranar. Amma atisayen aradu da iska a Maris ya dace, kafin hadarin farko.

Ba sai an jira Abuja ko Kaduna ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya a kusa da mu, inda ake horar da malaman da ke koyar da 'ya'yanmu, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan mai sashen nazarin muhalli. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna iya gayyato malami ɗaya ya yi wuni guda. Aikin da ya fi duka muhimmanci kuwa ɗaliban ne za su yi shi da kansu a lokacin hutu. Kowa ya sami tsoho ko tsohuwa a gidansu, Numana ne ko Ninzo, Ayu, Mada, Gwandara, Bahaushe ko Bafulatani, ya tambaye su: wace shekara rafin nan ya taɓa kaiwa ina, wace gada ruwa ya taɓa cinyewa, wace unguwa ce da fadama ce ba a gini a cikinta, wace shekara fara ta zo, kuma da wane suna ake kiranta a harshensu. A rubuta a littafi mai kauri, a zana taswirar gari a sa alamar wuraren, a ajiye a ofishin shugaban makaranta tare da littafin awon ruwa, kowane aji in ya zo ya ƙara nasa. Waɗanda suka ga farin 1973 da wayonsu, yau mafi ƙanƙantarsu ya haura shekara 60.